Jirgin Shida Zai Ɗauka, Na Ce Takwas

Ban taɓa mantawa da ranar da na yi wa shugabana ƙarya a cikin jirgi ba. Na sha ba sababbin matuƙa wannan labari lokacin ina aiki. Yanzu da mahaifiyarka ta ce min, Modu, ba ka da zance sai na tuƙa jirgin soja mai saukar ungulu, na ga gara ka ji shi daga bakin kawunka tun kafin ka gama sakandare.

A lokacin ina Filayin Ofisa, wato daidai da Laftanar a sojan ƙasa, ban fi shekara ɗaya da gama koyon tuƙi ba. Aka turo ni nan Maiduguri a matsayin mataimakin matuƙi. Jirginmu na jigila ne: mu kai abinci da magani, mu kwaso waɗanda suka ji rauni. Mu uku ne a ciki. Akwai babban matuƙi, Oga Ishaku, Skwadiron Lida, kamar Manjo ke nan. Mutumin kudancin Borno ne, iyalinsa na zaune a unguwar Galtimari, kuma ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Akwai Sajan Kyari, ɗan unguwar Shehuri, mai kula da inji da lodi. Sai ni.

Ka fara sanin abin da ba a nunawa a bidiyon da kuke kallo a waya: rabin aikin mataimakin matuƙi lissafi ne. Jirgin nan yana tashi ne da iskar da farfela ke dannawa ƙasa. Idan rana ta take, iska takan rasa kauri, farfela ba ta samun abin kamawa sosai. Nauyin da jirgi zai ɗaga da sanyin safiya ba zai ɗaga shi da azahar ba. Akwai jadawali don haka. Ka duba zafi, ka duba man da ya rage, ka haɗa nauyin mutane da kaya, sai ya nuna maka iyakarka. Ni ke riƙe da shi a kan cinyata.

Watan Afrilu ne, ka dai san zafin Maiduguri a irin wannan lokaci. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe aka kira mu, aka ce motar sojoji ta taka nakiya kusa da wani ƙauye ta arewa. Tafiyar minti arba'in ce. Muka sauka a filin makarantar firamare, ba mu kashe inji ba, domin wurin ba na daɗewa ba ne. Masu rauni takwas na kwance a inuwar aji, ma'aikacin jinya ɗaya yana zagaya su. Kyaftin ɗin rundunar ya rugo da gudu, ya manna bakinsa a tagar Oga Ishaku.

"Yallaɓai, su takwas ne. Don girman Allah kada ku bar min ko ɗaya."

Oga Ishaku ya juyo gare ni. Ta na'urar kunne ya tambaye ni, "Nawa za mu iya?"

Na duba jadawali: shida. Na sake dubawa, shida dai. Na ɗaga kai na ga yadda waɗanda ke kwance suka zuba wa jirgin ido. Sai na fara lallashin kaina. Na ce ai masu tsara jadawali sukan bar rara, kuma mun ƙona mai a hanya, kuma yaran nan duk ramammu ne.

"Takwas, Yallaɓai."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Ya yi wa Sajan Kyari alama, aka shigo da su duka. Sajan ya leƙa ƙafafun jirgin, ya kalle ni, ya yi wata magana da Kanuri ƙasa-ƙasa, sannan ya rufe ƙofa.

Ƙa'ida ce kafin a tafi, matuƙi ya ɗaga jirgi kamar tsayin mutum, ya tsayar da shi a haka, ya duba allurar ƙarfin inji. Oga Ishaku ya ɗaga. Allura ta wuce inda ta saba tsayawa, ta shiga ja. Ƙarar farfela ta sauya, ƙararrawar gargaɗi ta fara kuka a kunnenmu. A gabanmu ga katangar makaranta, ga jerin itatuwan darbejiya da dole mu haye. Ko yaro ya san ba za mu haye su ba. Oga Ishaku ya sauke jirgin a hankali.

"Karanta min zafin."

Na karanta.

"Mai fa?"

Na karanta.

"To, nawa ke nan?"

"Shida, Yallaɓai."

Bai kalle ni ba. Ya ce, "Sauka ka faɗa wa Kyaftin da bakinka. Kuma kai za ka tsaya a sauke biyun."

Hana mutum shiga jirgi daban, fitar da shi bayan ya shiga daban. Na farko mai karayar hannu ne, da ƙafarsa ya sauka. Na biyu shi ne wanda ke bakin ƙofa, wani Kofur Haruna, an ɗaure masa cinya tam don jini ya tsaya. Inji na aiki, mai na ƙonewa, Kyaftin na zagi, ba wanda ya tsaya tantancewa. Ni na kama gefe ɗaya na gadon ɗaukarsa.

"Oga, ba mun riga mun shiga ba?" in ji shi.

"Za mu dawo."

"Yaushe?"

Muka ajiye shi a inuwar da muka ɗauko shi.

Muka tashi, muka iso Maiduguri. Muka miƙa mutum shida ga motocin asibiti, muka sha mai, muka koma. Kafin mu dawo da biyun, la'asar ta kusa. Duka takwas sun rayu. Amma an yanke wa Kofur Haruna ƙafa. Daga baya ma'aikacin jinyan ya faɗa min cewa da shida aka ce masa tun farko, da ya zaɓa a natse, kuma da Haruna na cikin waɗanda za su fara tafiya.

Washegari Oga Ishaku ya kira ni ofishinsa, ya rufe ƙofa.

"Kuskure ne, ko da gangan?"

Da na ce kuskure, da ya wuce, domin kowa na kuskuren lissafi. Na ce, "Da gangan ne, Yallaɓai. Tausayi ne ya kama ni."

Ya ce, "Da ka sake yi min ƙarya yanzu, da ba za ka ƙara zama kusa da ni a jirgi ba. Tausayi ba laifi ba ne, ni ma na gan su. Amma da ka ce min shida, ka ƙara da cewa ranka bai so ba, da mun yi shawara mu uku. Kai kaɗai ka yanke hukunci a kan rai goma sha ɗaya, ba ka faɗa wa kowa ba."

Ya rubuta rahoto, ya sa nasa laifin a ciki, cewa bai duba lissafina ba. Aka dakatar da ni daga tashi na wata ɗaya, aka sake yi min jarrabawa. A cikin watan nan na je asibiti. Na tambayi likita ko da an kawo Haruna da wuri ƙafar za ta tsira, ya ce ba zai iya rantsuwa a kan ko wanne ba. Na zauna a bakin gadon Haruna na faɗa masa komai.

"Abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa, Oga," ya ce. "Na yafe. Amma gobe in shida ne, ka ce shida."

To Modu, ba zan hana ka ba, aiki ne mai daraja. Ka riƙe lissafi da kimiyya da Turanci da kyau. Ka kula da idanunka da lafiyarka, kuma ranar gwajin likita kada ka ɓoye komai, ko da zai sa a mayar da kai gida. Ka sani soja za ka fara zama kafin matuƙi, kuma ba duk wanda ya shiga ake ba jirgi ba. Idan ka samu Sajan irin Kyari yana magana ƙasa-ƙasa, ka tsaya ka tambaye shi me ya gani.

Sarrafa jirgi kuwa, in kana da natsuwa, za a koya maka. Abin da na ga yana kayar da matuƙa shi ne ranar da gaskiya ba ta yi musu daɗi ba, ga babba yana roƙo, ga masu rauni suna kallo. Mutanen da ke kwance a bayanka ba su san jadawali ba, ba su ga allura ba. Abin da ka faɗa kawai suka dogara da shi. In ka san bakinka ba zai iya furta "ba zai yiwu ba" a irin wannan rana ba, ka nemi wani aikin tun yanzu, ba wanda zai zarge ka.