Batir Biyu da Muryar Kakata

Shekarun baya, ina ɗalibi a Samaru, na yi ta roƙon kakata ta bari in ɗauki muryarta tana rera waƙoƙin niƙa da ta koya tun tana budurwa. Kullum amsarta ɗaya: "Angona, bakin da ba haƙori me zai rera?" Kwatsam wata Juma'a ta aiko daga Jushi, wai in zo washegari da hantsi. Sau ɗaya za ta yi, kada in ƙara damun ta.

Na ari ƙaramar rikoda wajen abokina, na nufi kasuwar Sabon Gari neman batir. Ni kuwa a lokacin maƙo kamar sana'ata ce. Kuɗin batir biyu masu suna zai sayi dozin guda na marasa suna, to me zan tsaya jira?

Mai shagon, wata dattijuwa 'yar ƙabilar Ibo da ta kusa fi na Hausa, ta tambaye ni abin da zan yi da su. Da na gaya mata sai ta ce, "Ɗana, in agogon bango ne ko rimot, ɗauki mai araha, ba komai. Amma rikoda cin wuta gare ta, kuma tsohuwar nan ba za ta maimaita ba."

Na ce a raina, dabarar 'yan kasuwa. Na ɗauki dozin ɗina. Ta jefa min masu suna guda biyu a leda, ta ce in ban buɗe su ba in dawo ta karɓi kayanta. Na biya ina ƙunƙuni.

Washegari Kaka ta zauna a tabarma, ta gyara murya, ta fara. Ana tsakiyar waƙa ta biyu rikoda ta ɗauke. Na sa wasu biyu, ba a je ko'ina ba su ma suka mutu. Na ciccije su, na murza a tafin hannu yadda muke yi wa na rediyo, shiru. Kaka ta fara laluben takalminta.

"Ka gama wasa da ni?"

Gumi ya karyo min. Na yage kwalin masu suna biyun nan, na roƙe ta da girman Allah ta zauna. Ta harare ni, ta ci gaba. Har rana ta take tsaka rikodar ba ta ko yi gezau ba.

Damina ba ta zagayo ba Kaka ta rasu.

Har yau mai araha nake sa wa agogona, maƙon bai sake ni duka ba. Amma duk sanda na tuna mai shagon nan sai na sa mata albarka, don ba ƙaramin abu ta ceto min ba. Kwanaki na ji ɗiyata, wadda ba ta taɓa ganin Kaka ba, tana wanke-wanke tana rera ɗaya daga cikin waƙoƙin. Da ta zo tsakiya sai ta ɗan yi tari, daidai inda Kaka ta yi a muryar da na ɗauka.