Kafaɗar Dada da Tuwon Baba

Warin man zafi ne ya tashe ni ran nan, ya cika tsakar gidanmu na unguwar Majidaɗi har ya danne ƙanshin kunun gyaɗa. Dada, mahaifiyata, tana zaune bakin rijiya tana murza kafaɗarta ta dama. Ciwon yakan taso daga wuya, ya gangaro ta hannu har yatsu. Da safen nan ɗaura ɗankwali ya gagare ta, ni na ɗaura mata.

Lokacin Jalingo ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba. Baba ya samu teburi a sakatariya, kuma tun daga nan ya zama masani a kan komai. Ya ce mu tafi Sintali, wurin likitan da ke duba duk mutanen gidanmu.

Ɗan asibitin ɗaki biyu ne da benci. Likitan mutum ne mai sanyin murya, Hausarsa ba ta raba mace da namiji.

"Mama, ina yake maka ciwo?"

"Nan ne," in ji Baba, yana taɓa tasa kafaɗar.

"Malam, kai ma zan duba ka. Bari Mama ya faɗa."

Ya sa ta juya wuya dama da hagu, ta matse yatsunsa, ta ɗaga hannu har inda ya tsaya. Ya tambayi aikin da take yi. Ta ce daka, da jan guga. Ya ce ba karaya, ba abin tsoro, jijiya ce ta gaji. Ya ba ta ƙwayar rage zafi, ya ce a riƙa gasa wurin da tawul mai ɗumi, kullum ta tsaya gaban bango ta hau shi da yatsu a hankali. Taɓarya da guga kuwa ta bar su tukuna. In ba haka ba, hannun zai iya ƙin ɗaguwa gaba ɗaya.

"Allurar fa?" in ji Baba.

"Ba allura. A kai masara inji."

Baba ya dube shi kamar an zage shi. "Tuwon inji? Warin gas yake yi. Ni maƙogwarona bai san shi ba."

"To maƙogwaro da hannun Mama, Malam, sai ka zaɓi ɗaya."

A hanya Baba ya ce yaron nan bai gama karatu ba. Wai mun hau mota har Sintali don a ce mace ta yi wa bango susa. Washegari mai kemis ya zo ya yi wa Dada allurar da ko sunanta bai iya faɗa ba. Bayansa wanzami ya kafa mata ƙaho a wuya, ya nuna wa Baba baƙin jini, Baba ya gyaɗa kai cike da gamsuwa. Ruwa dai an koma saye a wurin 'yan garuwa, don shi ba a jin ɗanɗanon hannu a cikinsa.

Na karɓi taɓarya don in rage mata. Ni kuwa a shekarun nan hankalina yana kan gajimaren da ke sauka bisa duwatsun Kona, ina ƙulla masa baitoci a raina. Masarar ta watse, kaji suka yi biki. Baba ya ɗanɗana tuwon ya ture kwanon. Dada ta tashi ta koma turmi. In ya fita ofis takan tsaya gaban bangon ɗakin girki, yatsunta suna hawa kamar tururuwa mai kaya. Kowane wata inda suke tsayawa yana sauka.

Wata rana na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, likita fa ya ce ta huta."

"Ke kuma da bokonki. Uwata ta yi daka har ta tsufa, ba ta taɓa ganin likita ba."

Hannun Dada bai sake wuce kunnenta ba. Ni na ci gaba da ɗaura mata ɗankwali har na tafi makarantar kwana, ƙanwata ta gaje ni.

Sai bayan rasuwar Baba, muna tsince shinkafa da Goggo, yayarsa, na maimaita mata maganar nan tasa. Ta ɗago ta dube ni. Ta ce mahaifiyarsu ba ta taɓa riƙe taɓarya ba, matan unguwa take kira su yi mata daka, kuma da inji ya shigo garin tana cikin waɗanda suka fara kai masa hatsi.