Aminina da Farar Ƙwayar Ƙwannafi

A layinmu na Tudun Wada har yau muna ciyayya. Bayan Magariba kowane magidanci yakan sa a fito da kwanonsa, mu haɗu kan tabarma mu ci. Na zauna a Khartum, na yi aiki a Abijan, na ga inda ake cin abinci a tire ɗaya, amma ban ga inda ake tsokanar juna a kan loma kamar wurinmu ba.

Cikinmu akwai aminina, tsohon malamin firamare, Kirista ɗan cocin Angilikan. Ticha muke ce masa. Yakan jira mu idar da salla, sannan ya buɗe miyar matarsa, wadda yajinta ke sa dattijo hawaye.

Ƙwannafi ya fara damunsa bayan ya yi ritaya. Da fari kanwa yake jiƙawa, irin yadda iyayenmu suke yi. Daga baya ya koma wa wata farar ƙwaya da ake taunawa, mai ɗanɗanon na'ana'a. Mai kemis ya gaya masa sinadarinta ɗaya da na alli.

"Alhaji, ka ga ikon Allah," in ji shi. "Na ƙare ƙuruciyata ina shaƙar alli, ga shi da tsufa ina cin sa."

Kwalin ƙwayar da Faransanci aka rubuta shi, sai ya miƙo mini in karanta. Na fassara masa: a tauna sosai, kada a wuce adadin da aka rubuta, kada a haɗa ta lokaci ɗaya da maganin ƙarin jini ko wasu magunguna, domin tana hana su shiga jiki. In an yi mako biyu abin bai tafi ba, a ga likita. Na ƙara masa da cewa a Abijan mai kantin magani sai da ya yi mini tambayoyi kamar alƙali kafin ya sayar mini da irinta.

"To, a nan ko sallama ba sai ka gama ba," ya ce. "Kuma Bafaranshe me ya sani game da yajin gidana?"

Maganin yana aiki, shi ne abin da ya ruɗe mu. Ya tauna, ya yi gyatsa, zafin ya kwanta. Damina ta wuce yana haka. Sai ya fara zuwa ciyayya da hannu a wanke amma ba ya kai shi kwano.

"Ticha, bisimilla mana."

"Na taɓa a ciki. Ku ci, ku da matanku ba su iya miya ba."

Muka yi dariya muka cinye. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na ce mu je asibiti, ya ce da sauƙi. Na sake faɗa, ya ce, "Kai da ka ga duniya, komai sai likita."

Wata safiya na gamu da matarsa tana jiran keke napep za ta kasuwa. Na ce, "Maman yara, ki riƙa rage masa yaji, tunda yanzu a ciki yake ci."

Ta tsaya tana kallona. "A ciki? Alhaji, ai cewa yake da ku yake ci. Kullum kwanon a share yake dawowa."

Ranar muka sa shi a keke, ni da ita, yana faɗa. A gaban likita ne ya faɗi gaskiya: tuwo ya daɗe da daina wuce masa, bayan gidansa ya koma baƙi, ƙwayar kuwa ya daina ƙirga ta. Aka zura abin dubawa. Ciwon daji ne a cikinsa, kuma ya riga ya yaɗu. Likitan ya ce ƙwayar ba ita ta jawo ba, rufe shi ta yi.

Bai kai Kirsimeti ba.

Da na je gaisuwa, na tarar da ita a tsakar gida cikin mata. Na yi mata ta'aziyya da duk kalmomin da na sani. Ta amsa, sannan ta ce, "Ni ina dafawa, ku kuna cinyewa, shi kuwa yana ƙarewa a tsakaninmu."