Hamsatu Ba Ta Susa a Kasuwa

Shekara da shekaru muna zama kusa da juna a kasuwar Bukkuyum, ni Marka da tiren ƙulina, Hamsatu da ƙwaryar fura da nono da take ɗaukowa daga rugarsu ta bayan Zugu. Na ce zama, amma Hamsatu ba ta zama. Ta tashi, ta durƙusa, ta gyara faifai, ta zagaya ƙwarya, ta sake tashi. Mutum ya kalle ta ma sai ya gaji.

Borin jini ne ya kama ta, tun shekarar da soja suka miƙa mulki. Da rana ta yi zafi sai jikinta ya tashi ruɗu-ruɗu, da yamma ya kwanta kamar ba a yi ba. An yi jiƙo, an shafa toka, abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ga fulako, wai ita Bafulatana ba ta susa a gaban jama'a. Ban da haka kuma ta san halin masu saye: wanda ya ga mai dama fura tana yagar jiki, ya bar ƙwaryarta ke nan har abada. Ƙwaryar nan kuwa ita ke ci da 'ya'yanta.

"Ke Hamsatu, mi as same ki?" in tambaye ta.

"Ba komi, Marka," ta ce, alhali tana cizon leɓe.

Haushi ya ishe ni, na ja ta wajen Umaru mai kemis. Ya ba ta 'yar ƙwaya rawaya, ya ce da dare ake sha don tana sa barci. Ta bi maganarsa, ta samu barci, amma kafin azahar ƙaiƙayi ya dawo. Sai ta yi dabara irin tata: tunda a kasuwa ciwon ke kunyata ta, bari ta sha a bakin kasuwa.

Ran nan na ga abin da ban taɓa gani ba, Hamsatu zaune shiru. Har na yi murna. Na juya ina ciniki, ko da na waiwayo ta yi nisa da gyangyaɗi, akuya ta ture faifai ta tsoma baki cikin nono, mutane na dariya. Ta farka, ta ɗauki ƙwarya ta tuttular da nonon a ƙasa. Wallahi ni na yi mata kukan.

Kasuwa ta gaba ta dawo ba ƙwaya a cikinta, wuyanta duk ya tashi, masu saye na tahowa ɗari-ɗari. Na ga hannunta ya kama hanyar baya. Na ce a raina, yau in ta sosa an gama. Na tsinci totuwar masara, na zagaya bayanta kamar mai gyara mata mayafi, na cusa hannu na fara gurza mata. Ita kuwa ta ci gaba da dama fura, tana gaisawa da mutane.

Haka muka yi ta yi har na bar zuwa kasuwa. Hamsatu ba ta taɓa roƙona ko gishiri ba, ko godiya ba ta iya yi da baki. Sau ɗaya tak, tana miƙa wa wani ludayi, ba ta ko juyo ba, ta ce a hankali, "Marka, ƙasa kaɗan."