Hanyar Kyanwa a Tsakar Gidanmu

Har yau, idan ruwan sama ya fara sauka cikin bahon da babu komai a ciki, wannan ƙarar takan sa gabana ya faɗi. Kowa na murnar ruwan farko, ni kuwa sai in tuna tsakar gidanmu na Zongo, da Kaka, da kyanwarta.

Ina 'yar lakwal lokacin, wato makarantar boko. A hanyar dawowa gida na tsinci kyanwar a bakin kwata, bayan rumfar mai gyaran moto, wato babur. Ba ta fi tafin hannuna ba, idanunta duka biyu sun liƙe da kwantsa. Inna ta ce in mayar da ita inda na ɗauko ta. Kaka, mahaifiyar Baba, ta miƙo hannu daga kan tabarmarta, ta shafa ta tun daga kunne har wutsiya, ta ce, "Ke dai da kwashe-kwashe! To, ɗebo ruwan ɗumi."

Safe da yamma muna wanke idanun da tsumma. Kwantsar ta tafi, idanun suka buɗe, amma fari fat kamar an ɗiga musu nono. A gwangwanin sardin muke ba ta madara. Da ta yi ƙwari sai ta haddace gidan da hanci da gashin baki. Daga madafa takan kewaye turmi, ta wuce randa, ta hau dakalin da ke jikin bango, ta bi shi har ƙarshe, ta diro daidai ƙofar Kaka.

Sai Kaka ta kafa doka: kada wanda ya gusar da komai a tsakar gida. Turmi ya zauna inda yake, randa ma haka, ko takalmi ba a yar da shi a hanya. "Baiwar Allah ce, ba ta gani," in ji ta. Matan Mosi da ke zuwa sayen goro wurinta suna ta dariya, wai Yaaba, wato kaka da harshensu, ta yi sabuwar jika.

Ni kaɗai na san dokar ba don kyanwa kaɗai aka yi ta ba. A ɗakin Kaka nake kwana, ni nake ware mata farin goro daga ja, domin yatsunta sun san mai kyau da mai tsutsa amma ba su san launi ba. Ita ma da turmin nan da randar nan take gane hanyar bayan gida. Wata rana ta riƙe hannuna ta ce, "Idan baffanki ya ji, gidansa na Tampouy zai kai ni, ya ajiye ni a ɗaki kamar buhu." Baffa wan Baba ne, mai sayar da atamfa a kasuwar Rood Woko, ya daɗe yana neman dalilin ɗauke ta. Ita kuwa tun zuwanta daga Nijar a wannan ɗakin take, a ciki mijinta ya rasu. Na riƙe mata sirrin.

A unguwarmu ruwa saye ake yi wurin masu tura barik, wato gangar ruwa. Saboda haka idan hadari ya haɗu ba mai tuna wata doka. Akan bari na farko ya wanke kwanon rufi, sannan a fito da duk abin da zai riƙe ruwa. Ranar da abin ya faru, da la'asar ina makarantar allo, ruwa ya tsare mu a zauren malam. A gida Inna da matan haya suka janye turmi don kada ya jiƙe, suka jera bokitai, suka girke babban baho ƙarƙashin indararo, daidai ƙarshen dakali.

Tsawa ta firgita kyanwar a madafa. Ta bi hanyarta, ta diro inda ta saba dirowa.

Kaka ta ji kukan, ta fito ba takalmi. Ta yi tuntuɓe da bokiti ta faɗi, ta tashi tana lalube tana kira, bahon kuwa yana gabanta, taku ɗaya. Matan da ke fake a bakin ƙofofinsu duk sun gani. Kafin Inna ta gane me ake nema, kukan ya tsaya.

Na dawo na tarar da Kaka zaune jiƙe, kyanwar naɗe a gefen zanenta. Na yi kuka har muryata ta dishe. Ita ba ta yi ba. Ranar Juma'a Baffa ya zo ɗaukarta, ba ta ko yi masa gardama ba.

Gidan Tampouy mai kyau ne, ƙasan ɗakin sumul, ba abin da ƙafa za ta gane. Ba ta taɓa koyon hanyarsa ba. Duk zuwan da na yi sai ta tambaye ni, "Turmin yana nan inda yake?" In ce yana nan. Ba ta ga wata damina ba.

Yanzu an rushe dakalin, an ja famfo, ba mai gudun tarar ruwa a gidan. 'Ya'yana suna tsokanata wai na cika faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, don an matsar da kujera kawai. Nakan bari su fita, in tashi in mayar da ita inda take.