Idanun Dodo a Buhun Fulawa

Sunana Memuna. Ban yi karatun boko ba, 'yata Sanatu ce take rubutawa, ni ina faɗa. Na ce mata in kuka ya zo mini kada ta lallashe ni, ta ɗan ajiye biro ta jira, zan ci gaba.

Mijina Isa ya rasu, ina cikin takaba. Mai zane ne. Ya bar tarin buhunan fulawa da ya zana dodanni a kansu, na tallan fim. Ɗanmu Abdulai ya kwashe su ya ƙone a bayan gida, ya ce yana tsoron kada hotunan su zame wa ubansa nauyi a kabari. Guda ɗaya ya tsira, domin yana ƙarƙashin katifata. Abdulai ya sani. Ya ce gobe Juma'a, in an sauko daga masallaci, zai zo ya karɓa. Yau Alhamis, kuma ranar Alhamis ce kakata take ba mu labari. Shi ya sa na zaunar da Sanatu.

A Sabonjida na girma, a hannun Kaka Lariba, uwar mahaifiyata. Doya take soyawa tana sayarwa a bakin gidan silima, wanda mu a Tamale muke ce wa sini. A wancan zamani sini ba shi da rufi. Katanga ce doguwa ta kewaye fili, da benci-benci a ciki, sai wani farin bango da ake haska hoton a kai. Farin bangon ya ɗara katangar tsawo da kamar kamu uku. Teburin Kaka yana tsallaken hanya, daidai inda ake hango wannan kamu ukun.

Ba ta taɓa shiga ba. Ta ce mace mai jikoki ba ta zama cikin duhu da samari. Saboda haka duk fim ɗin duniya, samansa kawai ta sani. In na masu bindiga ne, sai ta ga sararin sama da saman huluna. In na Indiya ne, sai rassan bishiya da gajimare, waƙa tana tashi ba ta ga mai yi. Amma in fim ɗin dodo ne, to ranar idonta ya samu. Dodo dogo ne, ya fi gidaje, sai ka ga kansa ya cika saman bangon. Mutanen da ke gudu suna ihu kuwa suna can ƙasa, katanga ta rufe su.

In an tashi, samari su fito, su yi layi a gabanta.

“Kaka, kin gani? Ya cinye gari guda!”

“Ni ban ga ya ci kowa ba. In sa maka yaji?”

“Wallahi ya taka lori kamar gwangwanin madara.”

“Ku da kuka shiga kun ga ƙafafunsa. Ni fuskarsa na gani. Matsa, kana tare mini wuta.”

Ranar Alhamis ba ta fita. Da an yi magariba sai ta hura murhu a tsakar gida ta soya gyaɗa da barkono na yajin mako. Mu yara muna kewaye da faranti muna murza gyaɗar, muna hure ɓawon, rabi a faranti rabi a baki. Hayaƙin barkono ya sa mu tari, ita ko a jikinta. Har yau in na ji ƙamshin gyaɗa a kasko, sai in ji kamar tana bayana. Tana juya gyaɗar a kaskon da sakaina, sai ta ce, “Ga ta nan ta leƙo ta saman katanga.” Mu ce, “Ta sauko mu ji ta.”

Dodanninta baƙi da fari ne, domin haka hoton yake a lokacin. Ta ba mu na mai sulke, da na mai gashi, da na mai ido ɗaya. Abin da katanga ta ɓoye mata, ita take cikawa daga kanta. Amma akwai ɗaya da muke roƙo a maimaita, shi nake so a rubuta.

Ta ce wani dodo ne da matarsa suka kwanta barci a gefen kogi. Barcin ya yi tsawo har ƙasa ta rufe su, ciyawa ta tsiro, suka zama tuddai biyu. Mutane suka zo suka kafa gari kusa da su. Wata rana mijin ya farka, ya miƙa hannu gefensa, bai ji motsi ba. Ya kira, shiru. Sai ya miƙe ya shiga gari yana nema. Yana ɗaga rufin ɗaki ya leƙa, ya mayar, ya ɗaga wani. Idonsa yana sama, bai taɓa duba ƙasa ba. Ga rumbu ya rushe, ga akuya ta mutu, ga kasuwa ta watse, shi bai ma sani ba. Sojoji suka yi ta harbi, bai ji ba.

Sai wata tsohuwa ta ce a kama mata ta hau rimi. Aka yi mata dariya. Ta hau, reshe bayan reshe, zaninta yana yagewa, har ta kai daidai fuskarsa. Ta ce, “Wa kake nema?” Ya faɗa mata. Ta ce, “Juya. Tudun can da ka bari a baya, ita ce. Ta daɗe da tafiya, kai ne ba a faɗa maka ba.” Dodon ya tsaya ya daɗe yana kallo. Sannan a karon farko ya sunkuyar da kai ya ga abin da ƙafafunsa suka yi. Ya koma a hankali, yana zaɓen inda zai taka, ya kwanta kusa da tudun. Kaka ta sauke kasko ta ce, “An kashe fitila, kowa ya nemi takalminsa.”

Wani dare na tambaye ta, na ce, “Kaka, waɗanda ya taka fa?”

Ta daina juya gyaɗa. Ta ce, “Su ma suna da masu yi musu kuka. Ni dai katanga ta rufe mini su. Ki tambayi wanda ya shiga.” Ban gane ba a lokacin. Na ɗauka tana korata ne don kada gyaɗa ta ƙone.

Kaka ta ga zuwan hoto mai launi kafin ta rasu. Ta ce bai yi mata ba, jini ya cika ja, kuma dodannin sun rage tsawo, sun koma kamar mutane, masu haƙora da masu wuƙa, ba sa kaiwa saman katanga. Daga baya sini ɗin ma ya mutu, aka mai da shi wurin ajiye kaya. Sai bidiyo ya shigo. Mutum ya ɗauki talabijin da janareto da kaset a mota, ya bi unguwanni da ƙauyuka, daga Moshi Zongo har bayan gari. Kowane fim yana bukatar hoton talla mai girma da za a rataye a bango, wanda ruwa ba ya lalatawa, kuma a iya naɗe shi a tafi. Nan Isa ya samu sana'a. Ya ɗinke buhun fulawa biyu, ya shafa farin fenti, ya shanya, sannan ya zana.

Sau da yawa bai ma ga fim ɗin ba. Mai bidiyo zai tsaya a ƙofa ya ce, “Akwai maciji, akwai mayya, akwai wuta,” ya tafi. Isa ya juyo ya ce, “Memuna, zo ki ba ni na Kaka.” Ina tsince shinkafa ina faɗa, yana haɗa fenti a murfin gwangwani. Ya ji labarin tudun nan ya fi a ƙirga, bai taɓa cewa ya isa ba.

Akwai wani mai bidiyo, Kwaku, mutumin kudu, Hausarsa ta kasuwa. Kullum faɗansu ɗaya.

“Masta Isa, ina son dodo mai ban tsoro paa! Wannan naka kamar an yi masa rasuwa.”

“Ga haƙora na ƙara maka, ga farce.”

“Haƙora yana da kyau. Ido ne matsala. Mutum ya kalla, ya so ya ba shi abinci.”

“To kai ka ba shi mana, Kwaku, ai kana da tumbi.”

Zamanin fina-finan mayu da na masu tsafi ya zo, aka ce a ƙara jini, a ƙara kawuna. Isa ya ƙara duk abin da aka ce, tun daga baki zuwa ƙasa. Amma ido bai taɓa sauyawa ba. Kuma mutane suna cika wurin. A lokacin tsoro na taro ne. Kowa ya yi ihu tare, wata ta riƙe hannun wadda ba ta sani ba, a fito ana dariya. Yanzu jikokina kowa da wayarsa, da abu a kunne, yana jin tsoronsa shi kaɗai a lungu. Na leƙa sau ɗaya. Abin cikin ma ba shi da fuska.

Buhun da ke ƙarƙashin katifata ba wanda ya sa a zana. Bidiyo ya riga ya mutu, idon Isa ya fara hazo. Wata safiya ya ce in ara masa madubina. Ya jingina shi a jikin turmi, ya duba, ya zana, ya sake dubawa. Na ce, “Malam, kanka kake yi?” Ya ce, “Wa zai zauna mini in ba ni ba?” Dodon tudun Kaka ne, da sulke da haƙora da komai, amma idanun na Isa ne, har da ɗan tabon da ke ƙarƙashin na hagu. Isa ba ya son a ɗauke shi hoto. Na katin shaidarsa ƙarami ne, idona ba ya kama shi yanzu. In wannan ya ƙone, ban san inda zan ƙara ganin idonsa ba.

Rubuta wannan ma, Sanatu, kada ki tsallake. Ranar da Abdulai ya ƙone sauran, na fito na ce masa ya binne ubansa sau biyu. A gaban matarsa da 'ya'yansa na faɗa. Tun ranar daga bakin ƙofa yake gaishe ni, ba ya shigowa. Ni kuma na daina cin abincin da matarsa take aikowa. Ki tsaya nan. Ba zan iya ba yau.

Yau Asabar, Sanatu ta dawo da littafin.

Jiya tun da hantsi na fito da buhun. Na shimfiɗa a tabarma, na naɗe ƙasansa, haƙora da farata da jini duk suka shige ciki, sai abin da bai wuce tafin hannu biyu ba daga sama. Abdulai ya zo da ashana a hannu, ya tsaya a ƙofa.

“Mma, ina wuni. Na zo.”

“Shigo, Abdulai. Zan ba ka. Amma ka sunkuya ka duba tukuna.”

Ya cire takalmi ya durƙusa. Ya daɗe yana kallo.

“Baba ne,” in ji shi.

“Shi ne.”

“Mma, ba don in ɓata miki rai ba ne. Ba na iya barci. Ina ta tunanin abin da ake tambayarsa a can, ni kuma ba abin da zan iya yi masa sai wannan.”

Wata uku da rasuwar, muna gida ɗaya, ban taɓa tambayarsa ko yana barci ba. Na ce masa maganar da na faɗa ranar nan ya yafe mini. Ya ce in daina, uwa ba ta roƙon ɗa. Na ce yau dai ta roƙa.

Shi ya ce a kawo almakashi. Ya yanka daidai inda na naɗe, a hankali, kamar mai yankan likkafani. Ya miƙo mini na saman da hannu biyu. Na ƙasan muka kai bayan gida tare, ya ƙyasta ashana, na tsaya kusa da shi har wuta ta cinye. Ban san abin da malamai za su ce a kan guntun da ya rage ba. Abdulai ya ce zai tambaya, na ce ya tambaya, Allah ya san zuciyar mai zanen. Da yamma matarsa ta aiko da tuwo, na ci.

Shekara da shekaru na ɗauka abin da Kaka take koya mana shi ne mu tausaya wa dodo. Sai yanzu na ji sauran maganar. Wanda ya yi rashi idonsa yana kan abin da ya rasa, ba ya duba inda yake takawa. Ni na taka ɗana, shi ya taka ni, kowa yana neman mutum ɗaya. Kaka ta san rabi kawai take gani, shi ya sa ta ce in tambayi wanda ya shiga.

Guntun buhun yana cikin akwatina, tare da hularsa. Har yanzu da ɗan warin fenti. Da asuba in na idar da salla nakan buɗe, mu kalli juna, in yi masa addu'a, in yi kukana, in rufe. Allah ya jiƙan Isa, ya jiƙan Kaka Lariba da ba ta taɓa ganin ƙasan fim ba.

An kashe fitila. Sanatu, rufe littafin, ki miƙo mini takalmina.