Kafaɗar Jaji Mahauci

Jaji mahauci ne ɗan mahauci, mutumin Kafin Soli. A kasuwar Kankiya da fiɗa aka san shi. Ba ya yawan sa wuƙa. Da dunƙulen hannun dama yake tura fata ta rabu da nama, ta fito ba huda ko ɗaya. A shekarun da ake kwasar samari zuwa yaƙin Bama wannan gwaninta ta yi daraja, don Turawa sun matsa a kan fata, malamin fata kuma yana mayar da duk wadda wuƙa ta taɓa.

Wata ranar kasuwa, bijimin da za a kayar ya fizgi igiya tana naɗe a hannun Jaji. Ya ji wani abu ya yage a kafaɗa. Hannun ya sauka, ya ƙi tashi.

Aka kai shi Dudunni wajen Manu maɗori. Manu ya iya karaya, kowa ya shaida. Ya yi tofi, ya jera karan dawa, ya ɗaure hannun a ƙirji. Ƙa'idar gidansu kwana arba'in ce, wanda ya kwance kafin nan shi ya ja wa kansa. Jaji ya cika arba'in. Da aka kwance, kafaɗar ta sandare kamar icce, tudun naman da ke kanta ya zube. Ko loma ba ya iya kaiwa baki sai ya sunkuyo.

"Ɗori bai nuna ba," in ji Manu. "Sai mun ƙara arba'in."

"Baba Manu, ƙashin nan ya karye?"

"Bai karye ba."

"To mi kake ɗorawa?"

Manu ya ce tun kakanninsa ba a taɓa yi wa gidansu wannan tambaya ba. Jaji ya ɗauki hularsa da hagu ya fita.

Ya koma kasuwa ya gwada fiɗa da hagun, ya huda fata wuri uku. Ɗanmaliki, babban mahautan kasuwar, ya ja shi gefe.

"Aje wuƙar nan, Jaji. Ga kayan ciki can, ka riƙa wanke mana."

"Wuƙar ubana ce, Baba."

"Ubanka da hannu biyu ya riƙe ta. Na ba ka zuwa yankan gero. In hannun bai tashi ba, gurbinka na yaron nan Sada ne."

Ranar Jaji ya tafi gida da karfatar rago, ƙafar gaba haɗe da kafaɗarta. Ya sa matarsa Tani ta riƙe, ya bi ta da wuƙa a hankali. Ya sare irinta ba iyaka, amma bai taɓa tsayawa ya duba ba. Ya ga allon kafaɗa ba ƙashi ne ya haɗa shi da haƙarƙari ba, nama ne. Ƙarƙashin babbar tsokar waje ya tarar da ƙanana guda huɗu, sun taso daga allon sun rungume kan ƙashin hannu, kowace ta ƙare da farar jijiya. Ya ja ɗaya, ƙafar ragon ta juya.

"Kin gani? Nama ne ya yage, aka yi wa ƙashi ɗori."

Daga nan ya tsara wa kansa aiki. Da safe Tani ta gasa masa kafaɗar da ruwan zafi, ta murza da man shanu. Sai ya sunkuya ya saki hannun yana lilo, daga baya ya riƙa yi da ɗan dutsen niƙa a tafinsa. Ya rataya igiya a reshen tsamiya, hagu na ja, dama na bi. Da la'asar ya fuskanci bangon ɗaki yana hawa da yatsu, Tani na zana gawayi inda ya tsaya.

"Malam, bangon nan laifin mi ya yi maka? Kullum kana hawanshi kamar ƙadangare."

"Zana dai."

Sau ɗaya ya yi gaggawa, kafaɗar ta kumbura, ya kwana uku ba ya taɓa igiya. A nan ya koyi bambanta zafin miƙewa da zafin suka. Na farko ya jure, na biyu ya dakata. Manu ya aiko cewa hannun da ya raina ɗori shanyewa yake. Jaji ya ce a gaishe shi.

Da aka yanke gero ya zo kasuwa ya tarar da Sada tsaye a gurbinsa. Ya jira aka yanka wani bijimi, ya durƙusa, ya tsaga, ya cusa dunƙulen dama. Ya daɗe fiye da da, gumi ya jiƙe masa riga. Malamin fata ya sa aka ɗaga fatar a rana, ya duba gaba da baya. Ba huda.

"Ɗaga hannun mu gani," in ji Ɗanmaliki.

Jaji ya ɗaga. Ya tsaya daidai kunne.

"Ai bai tashi duka ba."

"Fiɗa na zo yi, Baba, ba kaɗo tsamiya ba."

Mahauta suka yi dariya, Sada ya matsa. Hannun bai taɓa wuce kunnen ba har Jaji ya rasu, kuma in damina ta yi sanyi yakan yi masa tsami. Ya ƙara shekara goma sha tara yana fiɗa a wannan gurbin, da wannan wuƙar.